Zanen Gilashi da Zanen Ƙwarya: Ina Sunan Gwani?

Duk wanda ya san ƙasar Arewa, daga Matankari zuwa Dogondutsi da Tibiri, ya san darajar ƙwarya mai zane. A cikinta ake dama fura, da ita kuma ake ƙawata ɗakin amarya tun kafin kwanoni da robobi su mamaye jere. Sai dai ƙwarya takan shekara goma a gida ba wanda ya san sunan mai zanenta. Girman wannan rashi yakan bayyana idan aka dubi rayuwar Alison Kinnaird, gwanar zanen gilashi ta ƙasar Sukotlan.

An haife ta a birnin Edinbara a 1949, ta kuma yi karatun jami'a a can. Sana'ar kuwa a wajen wani gwani, Harold Gordon na garin Forres, ta koye ta, kamar yadda ɗan koyo ke zama gaban maigidansa. Da ƙananan fayafayan jan ƙarfe masu juyawa take sassaƙa siffofi a jikin gilashi. Inda faifan ya ci, ya ci ke nan, daidai da wuƙar da mai zanen ƙwarya ke gasawa a wuta: in hannu ya kuskure, babu gyara.

Fitaccen aikinta shi ne Psalmsong na 2003, wanda aka ajiye a majalisar dokokin Sukotlan. A nan ta shigar da haske ta gefen gilashin, hasken ya tsaya a wuraren da aka sassaƙa, siffofin mutane suka fito kamar suna shawagi. Da yake makaɗiya ce ta clarsach, abin kiɗan gargajiyarsu mai tsirkiya da yawa, ta haɗa aikin da sauti. Ƙarfinsa shi ne tsohon kayan aiki ya faɗi sabuwar magana. Rauninsa kuwa, ya dogara ga lantarki da zaure, ana kallonsa ne daga nesa. Zanen ƙwarya ya tsira daga wannan: baƙin ƙuna a kan rawayar fata, ana karanta shi yayin da ƙwaryar ke juyawa a hannun mai sha.

Ashe abin da Kinnaird ta fi gwanayen Arewa da shi rubutu ne. An san malaminta da shekarun ayyukanta, har an ba ta lambar girma ta MBE a 1997. Saboda haka ana iya auna aikinta na farko da na baya, a yaba ko a kushe. Zanen da ba shi da suna kuwa ba ya samun mai nazari, ko da an jera shi a Gidan Tarihi na Bubu Hama da ke Yamai.

Nan aikin malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu yake. Su nemi masu zanen da suka rage, su rubuta sunayensu, da na waɗanda suka koya musu, da sunan kowane zane da ma'anarsa, tun masu amsawa suna raye.