Maita da Siyasa a Wasan Kwaikwayon The Crucible na Arthur Miller

A shekarar 1953, lokacin da yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet ya yi tsamari, Sanata McCarthy kuma yana farautar 'yan gurguzu a cikin gida, Arthur Miller ya fito da wannan wasa. Ya gina shi a kan shari'ar maita ta garin Salem ta 1692, inda aka rataye mutum 19.

Masu tarke sun soki kamancen da cewa babu mayu a Salem, alhali 'yan leƙen asirin Sobiyet kam akwai su a Amurka. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, amma ta kauce wa jigon wasan, wato shari'ar da zargi ke zama hujja, wanda ake tuhuma kuma ba ya tsira sai ya amsa laifi ya kama sunan wasu. Shi ya sa tauraron wasan, John Proctor, ya yage takardar amsa laifi, ya zaɓi mutuwa.

Raunin wasan shi ne ɗora tushen fitinar a kan kishin Abigail, abin da ya rage wa mahukunta nauyin laifinsu. Miller kansa ya ƙi ambaton sunan kowa a gaban kwamitin majalisa a 1956.