Zauren Malam a Littafin Shaihu Umar: Ɗan Tsokaci

Manazarta da dama sun yi rubutu a kan Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin ƙagaggun labaran da suka fito a 1934 bayan gasar da Dokta R. M. East ya shirya a Zariya a 1933. Akasarinsu jigon bauta da na haƙuri suka fi mayar da hankali a kai. Mu kuwa a wannan ɗan nazari wurin da aka ba da labarin za mu duba, wato zaman malam da almajiransa a garin Rauta ta ƙasar Bauci.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san irin wannan zama. Idan aka rufe littafi, sai magidanta su gyara zama a kan tabarma, a shiga tattauna sha'anin duniya da na lahira. Nan ne ɗan kasuwa kan kawo mas'alar da ta hana shi barci, wani ya ja, wani ya kawo hujja, malam ya warware ko ya ce sai ya duba. Musu cikin ladabi shi ne gishirin zaure. Marubucin ya san haka sarai, domin tambayar wani almajiri game da asalin Shaihu ce ta buɗe labarin baki ɗaya.

To, amma daga nan kusan ba mu sake jin muryar almajiran ba. Ga shi kuwa labarin cike yake da abin tambaya. Yaro ɗan Musulmi an sace shi, ya faɗa hannun Abdulkarim, Balarabe mai sayen bayi, wanda ya rene shi kamar ɗansa har ya zama malami. Mahaifiyarsa, 'ya ce ba baiwa ba, ta fita nemansa, aka yaudare ta aka bautar da ita, ba su sake ganawa ba sai a Tarabulus, ajalinta na kusa. Ashe a cikin masu sauraro babu wanda zai ce, "Allah ya gafarta malam, ina hukuncin Musulmin da ya sayar da 'yar'uwarsa Musulma?" Wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce a zaurukanmu, tun da malaman jihadi na ƙarni na 19 sun yi suka a kan bautar da 'yantattun Musulmi.

Ana iya cewa kwarjinin Shaihu ne ya rufe musu baki, ko kuwa tsarin tatsuniya ne, inda mai bayarwa ke riƙe da zance shi kaɗai. Uzurin yana da ƙarfi, sai dai bai gamsar da mu ba. A ganinmu, shirun almajiran ya sa imanin tauraron ya zo wa mai karatu a gama, ba a gwada shi da tambaya ko ɗaya ba, alhali uwar da ta sha mafi yawan wahala ba ta da mai yi mata magana a zauren.