Alƙaluman Damuwa a Ƙauyukan Kano: Wa Aka Tambaya, Yaushe, a Gaban Wa?

A 2015 wata tawagar masana halayyar ɗan Adam ƙarƙashin jagorancin Brian Nosek ta maimaita bincike 100 da aka riga aka wallafa a manyan mujallu uku. Cikin 97 da masu su suka ce sun samu tabbataccen sakamako, kusan kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka sake bayar da shi. Galibin irin wannan bincike kuwa a kan ɗaliban jami'a ake yinsa, masu karanta tambaya da kansu; Jeffrey Arnett ya nuna a 2008 cewa kashi 96 cikin ɗari na waɗanda ake gwadawa 'yan ƙasashen Yamma masu arziki ne. Idan haka ta faru a can, to dole a yi taka-tsantsan da rahoton da ke cewa kashi kaza na matan Makoɗa ko Kunchi na fama da ciwon damuwa. A ganina, raunin irin wannan adadi ba a kwamfuta yake farawa ba, tun daga zaure yake farawa.

Ɗauki PHQ-9, takardar tambayoyi tara ta auna ciwon damuwa da aka fitar a Amurka, wadda ke bin diddigin makonni biyun da suka wuce: barci, gajiya, cin abinci, tattara hankali da sauransu. A kai ta wani ƙauye a Minjibir cikin watan Agusta, lokacin da hatsi ya yi ƙasa a rumbu, ana tsakiyar aikin gona, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara. Wa zai ce ba ya jin gajiya? A koma bayan kaka, gero ya shigo gida, makin zai iya sauka ba tare da an yi wa kowa magani ba. A watan azumi kuwa tambayar barci da ta abinci sun tashi daga aiki. Sannan ga wanda ke sauraro. Matar da ke cikin kulle, mijinta na tsaye a bakin ƙofa, uwar miji na tsinkar zogale a gefe, baƙo ya tambaye ta ko tana ganin ta zame wa iyalinta abin kunya. Amsar da tarbiyya ta koya mata ita ce "Alhamdulillahi". Yunwa na ɗaga adadin, kunya na danne shi, kuma babu lissafin da zai raba su daga baya.

Za a ce ai an gwada takardar, ta ci ma'aunin Cronbach, wato amsoshinta sun dace da juna. Gaskiya ne, amma dacewa daban, daidaito daban. Tiyar da gindinta ya lotsa kullum awo ɗaya take bayarwa, kuma kullum a tauye.

Za a kuma ce yawan mutane na maganin kuskure. Nan ne yanayin zaman karkarar Kano ke yi wa mai bincike tarko. Michael Mortimore ya bayyana tun shekarun 1960 yadda gonaki da gidaje suka cunkushe a kewayen birnin, Polly Hill kuma ta tarar da manyan gidaje masu iyalai da yawa a Ɗorayi, ta rubuta a littafinta na 1977. A irin wannan wuri tara mutum 400 aikin 'yan kwanaki ne. Sai dai 'yan gida ɗaya tukunyarsu ɗaya, bashinsu ɗaya, rasuwar da ta taɓa wannan ta taɓa wancan, alhali lissafin da aka saba yi yana ɗaukar kowa a matsayin shaida mai zaman kansa. A ce an ɗebi mutum 20 daga kowace unguwa, kamannin amsoshinsu ya kai 0.1 a ma'auni: mutum 400 ɗin nan nauyin kusan 138 kawai suke da shi. Wanda ya manta da wannan zai tsallake shingen 0.05 na tabbatar da sakamako da Ronald Fisher ya yaɗa tun 1925 cikin sauƙi, ya yi shelar bambancin da babu shi.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta masu cewa da babu gara ba daɗi: idan ba adadi, gwamnati ba za ta ware kuɗi ba, asibitin masu taɓin hankali na Dawanau kuma ba zai wadaci jiha guda ba. Na yarda ana buƙatar adadi. Amma adadin da kunya ta danne shi ne zai ba mai kasafi dalilin cewa matsalar ba ta kai ta kawo ba. Gyaran ma ba tsada ne da shi ba: mace ta tambayi mace a keɓe, a je da damina a koma da rani, a rubuta tsarin lissafi a ajiye a bainar jama'a kafin a fita, sannan wata tawaga ta daban ta maimaita aikin. Malaman Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke duba kundin ɗalibai su ne ke da ikon wajabta wannan. Kundin da bai faɗi watan da aka yi tambaya ba, da wanda ke wurin, da yawan waɗanda aka ɗauka daga gida ɗaya, a mayar wa mai shi ya gyara.