Darasin kimiyyar ƙwaƙwalwa ga ɗaliban nazarin harshe: wasu ƴan gyare-gyare

Tun da tsarin LMD ya ba ɗalibin lisansi damar ɗaukar darasin zaɓi a wajen fanninsa, ake ta kawo shawarar cewa ɗaliban nazarin harshe su riƙa ɗaukar kimiyyar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a matsayin ƙaramin fanni. Muna goyon bayan shawarar. Sukar da za mu yi a nan ta shafi abin da ake zuba wa ɗalibi a cikin darasin ne, wato abin da littattafan koyarwa na Faransanci suka saba kawowa.

Waɗannan littattafai kusan duka hanya ɗaya suke bi. Suna farawa da Paul Broca da majinyacinsa Leborgne, wanda bayan rasuwarsa a 1861 aka ga rauni a goshin ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa. Sai Carl Wernicke a 1874. Sai a zana wa ɗalibi wuri biyu, na furuci da na fahimta, a ja layi tsakaninsu. Wannan zane ya tsufa. A 2007 Nina Dronkers da abokan aikinta sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar Leborgne da na'urar MRI, suka tarar raunin ya zarce can ciki, har ya yanke zaren jijiyoyin da ke haɗa sassa. Amma wannan gyara ne mai sauƙi, malami ɗaya zai iya yin sa a cikin awa guda.

Babbar matsalar ita ce harsunan da aka gina ilimin a kansu. Kundin da Menn da Obler suka fitar a 1990 a kan rushewar nahawu ga masu ɓacewar magana ya ƙunshi harsuna 14, babu na Afirka ko ɗaya. Ma'anar da aka ba ciwon kuwa ita ce majinyaci yana zubar da ƙananan kalmomi da ɗafe-ɗafen aikatau. To, a Hausa ina lokacin aikatau yake zaune? Mu dubi waɗannan misalai:

(1) yaa zoo
(2) (shii nee) ya zoo
(3) (bàri) yà zoo

Aikatau bai motsa ba. Tsawon wasali ne ya raba (1) da (2), karin sauti ya raba (2) da (3). Idan Bahaushe ya samu shanyewar ɓarin jiki ya daina rarrabe (2) da (3), nahawunsa ne ya rushe ko kuwa sarrafa muryarsa? Littafin da aka rubuta bisa Faransanci ba ya ma iya yin wannan tambaya. Binciken Gandour da Dardarananda na 1983 a kan harshen Tai ya nuna raunin ɓangaren hagu yana taɓa rarrabe karin sautin kalmomi. Sai dai a Tai kalma da kalma karin yake rabawa, a Hausa kuwa yana ɗauke da nahawu ma. Ga kuma rubutunmu na yau da kullum, wanda ba ya nuna ko ɗaya daga cikin biyun: faraa (launi), faaràa (soma) da fàaraa (ƙwaro) duk “fara” ake rubuta su.

Mu sauko Gazawa, mu ɗauka an kawo wani dattijo manomi daga can zuwa asibiti a Maraɗi, bakinsa ya karkace. Ma'aunin da mai karatun Faransanci ya sani shi ne na Montréal-Toulouse, MT-86. A ce an fassara shi zuwa daidaitacciyar Hausa. Dattijon zai ce hwara a maimakon fara, sunka a maimakon suka, shi zo a maimakon ya zo. Wanda bai san karin harshen yankin ba zai rubuta musayar sauti da kuskuren lamiri, alhali mutumin Hausar gidansu yake yi, irin wadda ake ji har Agye da Gidan Rumji. Sa'an nan a miƙa masa zanen abubuwa a takarda a ce ya faɗi sunayensu. Tun 1987 André Roch Lecours da abokansa suka nuna, a Birazil, cewa lafiyayyun mutanen da ba su yi makaranta ba suna tafka kurakurai a irin wannan gwaji fiye da waɗanda suka yi. Ke nan ana iya lissafa wa ciwo abin da rashin sabo da takarda ya haifar. Idan kuma dattijon almajiri ne mai karanta ajami, a wane layi na takardar gwajin za a sa shi?

Saboda haka muna ganin darasin zango ɗaya na sunayen sassan ƙwaƙwalwa, wanda ɗalibi zai haddace ya zubar a jarrabawa, bai cancanci sunan haɗin fannoni ba. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi tana da tsangayar kiwon lafiya, sashen nazarin harshe da harsunan ƙasa kuwa yana Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, tsakaninsu fiye da kilomita 600. Wannan nisa shi ne abin da masu tsara darasin ya kamata su fara warwarewa. A rage awoyin zane a allo, a sa kowane ɗalibi ya naɗi maganar lafiyayyun masu Hausar Gazawa, maza da mata, masu boko da masu allo da waɗanda ba su yi ko ɗaya ba, ya rubuta ta da alamun kari da tsawon wasali. Sai an san yadda lafiyayye yake amsa tambayoyin kafin a iya auna majinyaci, kuma wannan aiki ɗalibin shekara ta uku zai iya yin sa da na'urar naɗar murya a lokacin hutun damina.