Kaɗe-kaɗen Damba a Tamale: Wa Ake Ji, Wa Aka Danne?

Baƙon da ya fara zuwa kallon Damba a Tamale yakan ce hayaniya kawai ya ji. Ba a ga laifinsa ba, gama a ƙofar fadar Dakpema ko ta Gulkpe Naa akan tara makaɗa iri huɗu ko biyar a fili guda, ga dawakai, ga guɗar mata, ga bindigogi. Amma wanda ya kasa kunne zai gane kowane sauti yana da asalinsa da aikinsa.

Dagomba suna yin wannan biki a watan Damba, wanda ya yi daidai da watan Maulidi. Akwai Somo Damba, sai Naa Damba ta sarki bayan mako guda, kashegari kuma a yi sallama da bikin, wato Belkulsi. Ko da yake tushensa na addinin Musulunci ne, yau sarauta ce ta fi fitowa fili a cikinsa, kiɗan ma nata ne.

Lunsi su ne gaba. Gangarsu, lunga, 'yar'uwar kalangu ce: ana rataya ta a kafaɗa, a matse tsarkiyoyinta a hammata, muryarta ta hau ta sauka kamar ta mutum. A bayansu akwai gungon, babbar ganga mai zaga, ita ke riƙe da ƙafar mai rawa. Gādon kiɗan ake yi, kuma su ne ma'ajin tarihin Dagbon. Idan basarake ya fito fili da babbar taguwarsa ta saƙi, shugaban makaɗa yakan dube shi, ya zaɓo masa taken kakanninsa. Nagbiegu, alal misali, na Naa Abdulai ne, sarkin Yendi na ƙarni na 19. Mai rawa ya juya, taguwa ta buɗe kamar laima, 'yan'uwa su fito suna liƙa masa kuɗi a goshi. A nan ne gwanintar bikin take, domin makaɗi da mai rawa zance suke yi. Gwani yakan rage hannu ya ba dattijo wuri ya taka a hankali. Ɗan koyo kuwa sai ya cika kowane gurbi da duka. John Chernoff, wanda ya koyi kiɗa a Tamale wurin Alhaji Ibrahim Abdulai, ya rubuta a kan wannan natsuwa cikin littafinsa na 1979. Bahaushen zango kuma yana da riba ta musamman, gama akwai take da kirari da yawa na lunsi waɗanda da Hausa ake kaɗa su, gādon zamanin fataucin goro.

Sauran muryoyin ma baƙi ne da suka zama 'yan gida. Akarima yana kaɗa timpana, tagwayen ganguna masu magana da aka samo daga Asante. Daga can ne kuma al'adar Kambonsi, mayaƙa masu bindiga da ƙararrawar ƙarfe, ta samo kamanninta. Takai, inda maza ke zagayawa suna haɗa sandunan ƙarfe, sunanta kaɗai ya isa ya tuna wa mutumin Kano ko Katsina rawar ƙauyensu.

Wanda ake zalunta a wannan taro shi ne mai goge, gonje a bakin Dagomba. Masu wannan sana'a suna cewa kakanninsu daga ƙasar Gurma suka zo, kuma Jacqueline DjeDje ta ba su babban wuri cikin littafinta na 2008 a kan gogen Afirka ta Yamma. Tsirkiya ɗaya ce ta gashin doki a kan ƙwarya, da yara masu girgiza caki, da muryar mawaƙi. Abu ne mai taushi, na zaure da na kusa da kunnen sarki. A filin Damba kuwa, tsakanin gungon da harbin bindiga, sau da yawa hannun mai goge kawai ake gani yana kaiwa da komowa. Bindigar tana da hujjarta ta tarihi, amma idan harbi ya zama ba ƙaƙƙautawa, ya tashi daga ado ya koma danniya. Lasifika ta ƙara dagula al'amarin: mai sanarwa ɗaya da makirufo yana iya rufe makaɗa ashirin, ya katse take a tsakiyarsa domin ya yi maraba da wani babban baƙo.

Ba a rasa waƙar zamani a garin ba. Fancy Gadam da Maccasio sun cika filin wasa na Aliu Mahama da matasa, suna waƙa da Dagbani, kuma ba wanda zai ce sun ƙwace wa lunsi wuri, tun da dandalinsu dabam ne. Matsalar tana cikin da'irar Damba kanta. Mai son jin goge sosai sai ya bar tsakiyar fili, ya bi ayarin basarake sa'ad da yake komawa gida, ko ya je fada da sassafe kafin a ɗura wa bindigogi albarushi.