Nazarin Ibn Khaldun a Ma'aunin Kasuwannin Dubai

A cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a shekarar 1377, Ibn Khaldun ya bayyana yadda wadata ke cinye birni. Idan arziki ya bunƙasa, mutane sukan tashi daga larura zuwa buƙata, daga buƙata zuwa ƙawa, har adon jiya ya zama wajibin yau. Daga nan kashewa ta rinjayi samu, ɗabi'u su gurɓace.

Dubai ta gaskata wannan sashe na nazarin. Tun 1996 take gudanar da bikin sayayya kowace shekara. An buɗe Dubai Mall a 2008. Shekara guda bayan haka kamfanin Dubai World ya nemi a jinkirta masa biyan bashi, sai da Abu Dhabi ta kawo ɗauki da dala biliyan 10.

Sai dai nazarin yana da giɓi biyu. Na farko, almubazzarin da Ibn Khaldun ya siffanta dukiyar hannunsa yake ƙararwa. Na yau kuwa, da katin bashi, yana cin albashin da bai karɓa ba, ya haɗa israfi da mu'amalar riba. Na biyu, ya ɗauki lalacewar birni tamkar tsufa, abin da ba makawa. Alhali shari'a ba ta ɗora wa bawa abin da ya fi ƙarfinsa, don haka hanin israfi a Suratul A'arafi hujja ce cewa barinsa mai yiwuwa ne.

Abin da ya rage wa malaman fiƙihu shi ne su fayyace wa ma'aikacin irin wannan birni iyakar ƙawa ta halal, bisa matakan maslaha uku da Shaɗibi ya tsara.