Gidan Bahaushe a muze, Falke Barmu a Yama

Duk ɗan lakkwal da anka taɓa kai wa Yamai ya san inda akan fara sauke mutane: gidan tarihi na ƙasa, Muze Bubu Hama, wanda anka buɗe tun 1959. A kalli zakuna da dorina, a tsaya gaban ƙasusuwan dinozor, a ga busasshen iccen Tenere, sannan a zagaya inda anka jera mazaunan gargajiya na al'ummomin Nijar: ga irin na Hausawa, ga na Zabarmawa, ga bukkar Fulani, ga tantin Buzaye. Ga da yawa daga cikinmu, wanga zagaye shi ne kaɗai darasin tarihin gini da wata hukuma za ta taɓa ba mu. To, mi yake koya muna?

A ba mai haƙƙi haƙƙinai tukuna. Waɗanda sunka kafa wanga muze ba su rufe kaya cikin gilashi kawai ba. Sun yi shi a fili, talaka na shiga, kuma sun ba masu sana'a wurin zama, har kana iya tsayawa ka kalli maƙeri yana bugun azurfa ko baduku yana ɗinkin fata. A lokacin da ƙasa ke shirin samun ƴancin kai, jera mazaunan kowa wuri guda wata magana ce mai nauyi: duk mu ɗiyan gida ɗaya ne.

Inda nike da ja shi ne yadda anka kasa gini bisa ƙabila. In ka nuna wa yaro ɗaki guda ka ce "ga na Bahaushe", ka koya mashi iri, awa yadda ake nuna irin gero da irin dawa. Zai fita yana zaton haka Bahaushe ya tashi ya iske ɗakinai tun fil azal, ba wanda ya ƙirƙiro shi, ba shekarar da anka sake mashi fasali, ba gardamar da anka yi kahin a yarda. Maƙeri ana kallonai yana aiki, shi kuwa gini an gama an aje, magini ya wanke hannu ya ɓace. Alhali tarihi sai da suna da shekara da canji.

Kuma ba sai mun tahi nesa neman hujja ba. Ga Yama nan wajen Badagishiri, cikin yankin Illela. A 1962 mutanen garin sunka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, sunka damƙa aikin ga wani magini ɗan garin, manomi, Falke Barmu. Gari duka ya sa hannu, wasu na buga bulo, wasu na jido ruwa, wasu na kawo icce. Abin da ya fara tsayawa gini ne mai sauƙi, ɗaki mai kusurwa huɗu da ginshiƙai da rufin shimfiɗe. A 1975, da rufin ya bukaci gyara, Falke bai maida shi yadda yake ba. Ya ɗaura bakan gizo, ya ɗora tulluwa a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 ya tada hasumiya huɗu, ɗaya kowace kusurwa, kuma ba wadda ta yi kama da ƴar'uwarta. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan wanga fanni a duniya.

Ku dubi waɗanga shekaru da kyau. Shekara 20 mutum guda yana komawa kan aikinai, yana gwadawa, yana ƙara ƙarfin hali. Hasumiyoyin nan da sunka ƙi yin kama da juna, wani na iya cewa rashin ma'auni ne. Ni dai ina ganin hannun mutum ne da ya gaji da maimaita kansa, kuma su ne mafi daɗin kallo a ginin duka. Wane allo mai rubutun "ginin gargajiya na Hausawa" zai ɗauki wanga labari? Masallacin Yama ma ai ba tsohon abu ba ne. Sa'ar izin ɗin siminti ta Malbaza ne, wadda ita ma a shekarun 1960 anka kafa ta. Cikin jaha guda, cikin zamani guda, ana toya siminti can ana kwaɓa laka nan, duka biyun ƴan bayan mulkin mallaka ne. Amma mu an saba muna da kiran ɗaya "ci gaba", ɗaya "al'ada", har muna jin kunyar a ce gidanmu na banko ne.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun gwada wata hanya. A Jos akwai gidan tarihin gine-ginen gargajiya inda anka sake gina manyan ayyuka da girmansu na ainihi, har da wani sashe na ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Nan aƙalla akwai suna, don kowa ya san masallacin Zariya aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, a farkon rabin ƙarni na 19. Sai dai akwai abin tausayi: na ainihin a Zariya, a shekarun 1970 anka lulluɓe abin da ya saura nai cikin sabon ginin siminti. Kwafi na can yana jiran baƙi, asali ya shige cikin kankare.

Kada wani ya ce ina yi wa laka kirari don ban taɓa kwana cikin ɗaki mai yoyo ba. Kowa a nan ya san abin da damina ke yi. Ko a Satumban 2024 tsohon masallacin Birnin Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai yawa. Uwar da ta ce wa ɗanta in ya samu kuɗi ya yi mata ɗakin siminti da tol tana da hujjarta. Amma a nan ne ma tsarin nune-nune ke cutar mu. Ginin ƙasa rayuwarsa na ga yaɓe, ga gyaran indararo kahin ruwan farko, ga sanin wace ƙasa ke riƙo da wadda ke zuba, da kwana nawa ake barin kwaɓi ya ruɓa da ciyawa. Wanga sani ba ya fitowa a hoto. Yana ga hannun tsofaffin magina, kuma matasan da ya kamata su gaje su suna bin kamfanonin bulon siminti ko sun tahi bida bakin teku. Shirin da ke nuna bango mai kyau ya ɓoye wahalar riƙonai, ƙarya ce rabi, kuma ita ke sa in bango ya faɗi a ce laifin laka ne.

Abin da ya fi kama da darasin da nike so, ba muze ya yi shi ba. A Dandaji, nan jahar Tawa, an so a rushe tsohon masallacin ƙasa a yi sabo. Masu zanen gini biyu, Mariam Issoufou Kamara ƴar Nijar da Yasaman Esmaili ƴar Iran, sunka kawo shawarar a bar shi a maida shi ɗakin karatu, a gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum wajen 1000 kusa da shi da bulon ƙasa da inji ke matsewa. An gama a 2018, ana kiran wurin Hikma. Abin da ya fi burge ni, an kira maginan da sunka yi tsohon ginin sun shiga aikin. Yaron da ya shiga neman littafi yana zaune cikin tarihin gini, in ya ɗaga kai ya ga rufin jiya, in ya leƙa waje ya ga na yau.

Ko shi ma ina da tambaya a kai. Bulon nan sai da inji da ɗan siminti, wane manomi ke da halin hakan? Sannan labarin Dandaji ya fi yawo a waje bisa nan. Ya ci kyaututtukan Holcim a 2017 da 2018, kuma a 2023 an nuna ayyukan Mariam a babban bajekolin gine-gine na birnin Banis, ƙasar Italiya. Ɗalibi a Turai na iya zana maka fasalin wurin, ɗan lise a Ƙwanni, da ke iya zuwa ya dawo yini guda, bai taɓa jin sunan ba. Wanga ba laifin masu zanen ba ne. Amma dai abin da ciwo, a ce sai Bature ya tafa kahin mu waiga.

Da za a tambaye ni, shirin tarihin gini na ɗiyan Adar ba ya bukatar a kwashe mu kilomita sama da 400 zuwa Yamai. Muze ya fito ya iske gini inda yake. A sa ranar ta dace da lokacin yaɓe, bayan an kai amfanin gona gida, a ɗebi aji guda daga Ƙwanni ko Malbaza a kai su Yama, magini ya zama mushe, ƴan lakkwal su tuɓe takalma su shiga kwaɓi. Mu kanmu ƴan ƙungiya muna da abin yi tun kahin wata hukuma ta motsa, tunda waya na aljihun kowa. Kowane ƙauye na yankin ga na da rumbunan ƙasa da wani ya gina, da soro ko zaure da tsofaffi ke iya faɗa maka wanda ya ɗaura shi da zamanin wane hakimi. A tambayi sunan magini, da wanda ya koya mashi, da ramin da anka ɗebo ƙasar, da shekarar da anka yi yaɓen ƙarshe, a rubuta a kawo, mu buga a fitowa ta gaba.